Akawun ɗin Baba Masinja

A ofishinmu na auna ƙasa da zana taswira ba mai kirana da sunan da iyayena suka raɗa mini. Anti Layi ake ce mini. Asalin abin kuwa, duk wanda ya leƙo ƙofata magana ɗaya ce a bakinsa: "Anti, layi ya ɗauke." Da tafiya ta yi tafiya sai aka yar da ƙarshen maganar, aka bar ni da Anti Layi, har a bakin direbobi da masu shara. Shekara ashirin da uku ina riƙe da kwamfutocin gidan, da wayoyin da suka haɗa su, da babbar na'urar da wasiƙun imel na kowa suke sauka a cikinta, wadda muke kira saba.

Ɗakin sabar yana ƙarshen baranda a hawa na biyu, bayan ɗakin ajiye tsofaffin taswirori. Ba shi da taga. Esi biyu ne a ciki suna sanyaya shi karɓa-karɓa, sai ƙananan fitilu kore masu ƙyaftawa, da wata ƙara ƙasa-ƙasa da kunnena ya daɗe da daina ji. A bango akwai zanen ginin gaba ɗaya da Injiniya Dogo ya yi da fensir, kowace waya da inda ta bi. Dogo shi ne ya ɗauke ni aiki ina sabuwar gama makaranta, shi ya ja wayar farko a gidan, yana rarrafe cikin silin yana fitowa da yanar gizo-gizo a gemu. Ya rasu shekara shida ke nan, amma har yau idan layin wani ofis ya ɗauke, zanensa nake fara dubawa.

A farkon watan nan da nake ba da labari, sabon manajanmu ya kira taro ya ce an yanke shawara: wasiƙun ofis za su koma hannun wani kamfani na waje da ke ajiye su a intanet, ita kuma tsohuwar saba za a kashe ta ranar Juma'ar ƙarshen wata. Ban yi musu ba. Na fi kowa sanin cewa na'urar ta tsufa, sau biyu a bara ta sa ni zufa cikin sanyin esi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mini: sai wanda yake kan aiki a yanzu za a buɗe wa akawun, wato akwatin wasiƙunsa, a sabon wuri. Aka miƙo mini jerin sunaye, mutum saba'in da huɗu.

A cikin sabar akwai kundin ma'aikata, inda ake rubuta kowa da sashensa, da kalmar sirrinsa, da abin da aka yarje masa ya buɗe. Dogo ya koya mini cewa idan mutum ya bar aiki a kulle akawun ɗinsa, amma kada a goge. "Mutum ba tabon shayi ba ne," in ji shi. Saboda haka da na buɗe kundin sai na tarar da sunaye ɗari uku da 'yan kai, mafi yawansu a kulle.

Tantance sunayen aikin yini ɗaya ne, amma ya ci mini kwana uku, don kowane suna sai ya tsayar da ni. Ga mai buga mana takardu ta da, wadda sunan mijinta ne kalmar sirrinta, duk ranar da suka yi faɗa sai ta hawo sama ta ce in canza mata, bayan kwana biyu ta dawo tana sunkuyar da kai a mayar. Ga babban mai zane, wanda a makon farko ya ɗaga linzamin kwamfuta sama yana nuna wa allo kamar mai canza tashar talabijin. Ga wani mai auna ƙasa da ya zauna ya tsara wa budurwarsa wasiƙa mai shafi biyu, hannunsa ya kuskure ya aika wa ofis gaba ɗaya. Wata guda ana gaishe shi da "hasken idanuna", har manajan lokacin. Ya aure ta kuwa, 'ya'yansu biyar. Ni kaɗai a ɗaki ina dariya, wani lokacin kuma in tsaya in yi wa mutum addu'a, don da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

A rana ta uku na gangara ƙasan kundin, inda akawun ɗin na'urori suke, irin su firinta da injin ɗaukar hoton taswira, waɗanda ba a canza musu kalmar sirri. A tsakaninsu na ga wani suna da ba na na'ura ba: masinja1. Ba a kulle yake ba. Da na duba ranar da aka shige shi ta ƙarshe, sai na ga Larabar da ta wuce, ƙarfe sha ɗaya da minti goma na safe.

Na sake karanta sunan. Masinja ɗaya muka taɓa yi mai akawun, Baba Masinja, kuma ya yi ritaya shekara goma sha ɗaya. Abin da ya fara zo mini shi ne wani ɓarawo ya sami ƙofa a buɗe yana shiga yana fita a ƙarƙashin hancina. Na buɗe rajistar shiga da fita na bi ta baya. Kowace Laraba, kusan lokaci ɗaya, daga kwamfutar laburare da ke ƙasa, minti arba'in ko ƙasa da haka. Ba a aika komai, ba abin da yake shigowa. A gurbin bayani kuma ga rubutun Dogo: "Kada a taɓa. A tambaye ni."

Wa zan tambaya?

Laraba da ƙarfe sha ɗaya lokacin taron shugabannin sassa ne, shi ya sa tsawon shekarun nan ban taɓa kasancewa a ƙasa a wannan sa'ar ba. Wannan Larabar na aika uzuri na sauka. Laburaren yana kusa da ƙofar baya, ɗan ɗaki ne mai kantoci huɗu da tebur ɗaya. Mai kula da shi, wadda muke kira Malama Shiru, tana ganina ta miƙe tsaye kamar wadda aka kama da hannu cikin tukunya. Ta nuna mini lungu da haɓa.

Yana zaune a gaban kwamfutar, ya matso da fuska dab da allo, gilashinsa a ƙarshen hanci. Ya rame, gashin kansa ya yi fari fat, amma zaman nasa ne, baya a miƙe kamar mai jiran a kira shi aike. A jikin tebur ya jingine sandar da ban san shi da ita ba.

"Baba, barka da hantsi," na ce.

Ya juyo ya ƙare mini kallo, sannan fuskarsa ta washe. "Ikon Allah. Yarinyar Dogo. Ke ce kika zama uwar mata haka?"

Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi maigidana, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har babbar da ya taɓa ɗauko mini daga makaranta a kan kekensa ranar da saba ta tsaya na kasa fita. Na ce masa ita ma yanzu tana da ɗa. Ya girgiza kai yana murmushi.

Na jawo kujera. "Baba, ashe kana zuwa duk sati, ba ka taɓa hawowa mun gaisa ba?"

"Matakalar nan taku ba ta son gwiwata. Kuma ke mai aiki ce. Ni zuwa nake in duba wasiƙun Auta in tafi."

Da ya ambaci Auta sai abin ya dawo mini. Ƙaramar 'yarsa ce, wadda ta sami gurbin karatun jinya a wata ƙasa mai nisa lokacin ina shekarata ta biyu a aiki. A lokacin kiran waya zuwa can sai an yi shiri, wasiƙar gidan waya kuma sai ta yi mako shida a hanya. Baba shi yake ɗauko wasiƙun ofis kowace safiya, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya juya su ɗaya bayan ɗaya yana neman rubutun hannunta. Dogo ya lura, ya buɗe masa akawun. Na sha ganinsu da tsakar rana su biyu a gaban allo, Baba yana faɗa Dogo yana bugawa, amma ni a lokacin hankalina yana kan kada in ƙona wani abu. Na ɗauka an kulle akawun ɗin ranar da muka yi masa bankwana.

"Har yanzu tana rubuto maka nan?" na tambaya, ko da yake na san amsar.

"A'a. Tun da wayar hannu ta zo aka daina. Tana kira duk sati, ba ta fashi. 'Baba kana lafiya? Ka sha maganinka? To sai anjima, ina wurin aiki.' Ban ga laifinta ba, ga miji ga 'ya'ya ga marasa lafiya." Ya nuna allon da yatsa. "Amma a nan ciki, ki ga, tana gaya mini launin labulen ɗakinta. Tana gaya mini ranar da ta ɓata a tashar jirgin ƙasa ta zauna ta yi kuka, wata tsohuwa ta raka ta har ƙofa. Ranar da ta fara yi wa mutum allura. Lokacin ba ta da kowa a can sai ni, ni kuma ina nan. Guda ɗari biyu da goma sha biyu ne. Ina karanta uku ko huɗu, in na kai ƙarshe in koma farko."

Malama Shiru ta sa baki a hankali: "Anti, Injiniya ne ya ce in riƙa barinsa. Ban san ko laifi ba ne."

"Ba laifi ba ne," na ce mata.

Na rasa ta inda zan fara, sai na faɗa masa kai tsaye: ranar Juma'a ta sama za a kashe na'urar, kuma sabon wurin ba ya karɓar wanda ba ya kan aiki. Ya cire gilashin ya goge da gefen riga ya mayar.

"To su wasiƙun, tare da ita za a zubar?"

"A'a, Baba. Zan kwashe maka su duka, in buga maka a takarda ka tafi da su gida."

"Dogo ya taɓa cewa zai buga mini. Na ce ya bari, ai suna nan ba inda za su." Ya ɗan yi dariya, ba mai yawa ba. "Kuma in an buga mini, da wane dalili zan riƙa zuwa? Mutum ya yi shekara talatin yana shiga ƙofa, ba ya so ya zama mai zuwa ba dalili."

Na bar shi ya ƙarasa karatunsa na hau sama.

Da yamma na shiga wurin manaja na kwashe labarin na gaya masa, har da sakacina na shekara goma sha ɗaya. Yaro ne a kaina, Anti yake ce mini kamar kowa, amma ba ya wasa da ƙa'ida. Ya saurara har na gama.

"Anti, akawun dai ba zai yiwu ba," ya ce. "Ni na sa hannu cewa ma'aikata kaɗai ne. Idan na buɗe wa mutum ɗaya, gobe ba ni da bakin hana na biyu."

"Na sani."

"Amma ki buga masa, ki yi amfani da takarda mai kyau. Laburare kuma ba a taɓa hana tsohon ma'aikaci shiga ba, ki gaya masa in ji ni." Har na kai ƙofa ya ƙara: "Shi ne wanda aka ce ya taɓa kai taswira ofishin filaye cikin ruwan sama, ya nannaɗe ta da rigarsa ya iso ba riga?"

"Shi ne."

"Ashe da gaske ne. Na ɗauka labarin tsoratar da sababbin ma'aikata ne."

Na roƙe shi abu ɗaya, ya amince: na wata guda, duk wasiƙar da ta zo wa tsohon adireshin Baba a juyo ta zuwa nawa.

Ranar Litinin na buga su, bayan na kira Baba a waya na nemi izininsa, na ce ya zo ranar Juma'a ya karɓa. Na sa haruffan sun yi manya saboda idonsa, sai suka kai shafi ɗari huɗu da wani abu. Ina tsaye a gaban firinta ina kife su yadda suke fitowa, don a aikinmu abin da aka fara koya mini shi ne wasiƙar mutum ba tawa ba ce ko da makullin yana hannuna. Duk da haka idona ya kama layin farko na wasu, kuma duk iri ɗaya ne: "Babana, ina gaisuwa." Mai ɗaure mana littattafan taswira ya raba su gida biyu, ya yi musu bango mai kauri shuɗi, ya ɗinke da zare maimakon ƙusa, ya ce zare ya fi daɗewa.

Ranar Juma'ar, tun safe na gama kwashe wasiƙun mutum saba'in da huɗu zuwa sabon wuri. Aka yi ta hawowa ana tambayata inda maɓallin aikawa ya koma. Wajen ƙarfe uku Malama Shiru ta kira ta ce Baba ya iso. Na sauka da littattafan biyu. Ya karɓa da hannu biyu, ya auna nauyinsu, ya buɗe tsakiya ya karanta layi ɗaya yana motsa leɓe, ya rufe.

"Ashe yarinyar nan surutu gare ta," ya ce.

"Baba, sauran awa ɗaya in kashe. Ko za ka aika mata wata daga nan, ta ƙarshe? Ka faɗa in buga."

Ya gyara zama. Ba zan maimaita abin da ya faɗa ba. Ba doguwa ba ce. Ya gaya mata cewa za a rufe gidan da wasiƙunta suke, an ɗaure masa su a littafi, kuma ya tambaye ta ko tsohuwar nan ta tashar jirgi ta sake haɗuwa da ita, don ba ta taɓa faɗa ba, shi kuma abin yana ransa.

Na aika. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta dawo, da saƙon cewa babu mai wannan adireshi.

"Me ya faru?"

"Adireshin makarantarsu ne, Baba. Sun rufe shi tun da ta gama."

Wannan karon dariya ya yi sosai, har da tari. "To ita ma ta tashi daga gidan ba ta faɗa ba." Ya ciro wayarsa daga aljihu ya miƙo mini in nemo lambarta. Ta ɗauka a kira na biyu, muryarta ƙasa-ƙasa, ana jin ƙarar takalma a bayanta. Ya ce mata ta turo adireshinta na imel. Na ji tana cewa, "Imel kuma, Baba? Lafiya?" Ya ce lafiya lau, ta dai turo. Ta turo, na sake aikawa, wannan karon ta tafi. Ita ce wasiƙa ta ƙarshe da ta fita daga sabarmu.

Ƙarfe huɗu na hau ni kaɗai. Na kulle akawun ɗin masinja1, na rufe shirye-shiryen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda takardar Dogo ta tsara, na ba na'urar umarnin tsayawa. Fankokinta suka rage gudu, suka tsaya. Sai a lokacin na ji ƙarar da na yi shekaru ban ji ba, da ta ɗauke. Daga waje ina jin wani yana jan kujera a ɗakin zane, da motoci a titi. Na kashe esi ɗaya, na zauna a kan kwalin takarda na ɗan jima, har mai shara ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko ta shigo.

Amsar Auta ta zo bayan kwana tara, ta faɗo cikin akwatina. Na buga ta ban karanta ba, na sa a ambulan. Da aka tashi aiki na biya ta gidansa, wani ɗan gida mai ƙofar ƙarfe a bayan makarantar firamare. Na same shi a tsakar gida, ya kifa kekensa yana sa wa sarƙa mai. Hannunsa duk baƙi, sai ya ce in karanta masa.

Layi shida ne. Ta ce ta karanta wasiƙarsa a ɗakin hutun ma'aikata sai da ta fita waje. Ta ce tsohuwar ba ta sake ganinta ba, ko da yake ta koma tashar sau uku tana dubawa. Ta ce nata kwafin duk sun ɓace ranar da makaranta ta rufe akawun ɗinta, ba ta san akwai su a duniya ba, kuma babbar 'yarta ta kusa shekarun da ita take lokacin da ta rubuta su. Ko za a iya yi mata nata littafin?

Baba ya goge hannu da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Za a iya?"

"Minti ɗaya ne, Baba. In tura mata ta intanet, yau ɗin nan ta samu."

"A'a. Littafi ta ce. Irin nawa, mai zare."

Aka sake bugawa, aka sake ɗaurewa. Ranar da ya zo karɓa na ce direban ofis zai fita, bari a ba shi ya kai gidan waya. Baba ya dube ni ta saman gilashi.

"'Yata, shekara talatin ina kai wa mutane takardunsu. Wannan ba mai kai mini."

Ya nannaɗe littattafan cikin leda biyu, ya ɗaure su a bayan keke da igiyar roba, ya ja ya ga sun zauna. Sandar ya saƙala a jikin ƙarfen keken. Bai hau ba, tura shi ya yi, ya fita ta ƙofar gaba, maigadi ya buɗe masa duka ɓangarorin biyu kamar mota ce za ta wuce.